Cikin tagwaye: mabiyiya ɗaya ce ko biyu?

Da zarar mai ɗaukar hoton ciki ya ce biyu ne, abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne maza ne ko mata, sai kuma ko za su yi kama. Tambayar da ta fi waɗannan nauyi ba kasafai ake yin ta ba: mabiyiyarsu, wato uwar cibiya, ɗaya ce ko biyu? Amsarta ce ke yanke yawan hoton da za a yi, irin matsalar da za a sa wa ido, da makon da ya dace a haife su. Kuma tambayar tana da wa'adi. Tsakanin mako na 11 da na 14 amsar a fili take, bayan nan sai ta fara ɓuya, zuwa wata na shida kuwa sau da yawa sai hasashe.

Tagwaye iri biyu ne tun daga tushe. Kusan biyu cikin uku suna samuwa ne daga ƙwai biyu daban, kowane da maniyyin da ya shige shi, don haka kowane yana da mabiyiyarsa da jakar ruwansa, kuma kamanninsu bai wuce na wa da ƙane ba. Wannan iri ne ke bin jinin dangin uwa, yake ƙaruwa idan shekarun mace sun haura 35, ko ta yi haihuwa da yawa, ko ta sha magungunan sa ƙwai ya fito. Sauran kuwa ƙwai ɗaya ne ya rabe biyu, kuma ranar rabuwar ce ke tsara komai. Idan ya rabe cikin kwana uku na farko, kowane zai samu mabiyiyarsa da jakarsa. Tsakanin kwana 4 da 8, mabiyiya ɗaya, jaka biyu, wanda shi ne mafi yawa a wannan rukuni. Tsakanin kwana 8 da 13, mabiyiya ɗaya da jaka ɗaya, ba komai a tsakaninsu. Abin da ya wuce haka shi ne ke haifar da tagwaye manne da juna. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar tagwaye kimanin sau miliyan 1.6 a duniya kowace shekara, wato jariri ɗaya cikin 42 ɗan biyu ne.

Abin da mai hoto ke dubawa shi ne gindin fatar da ta raba jakunkunan biyu. Idan ta yi kauri a inda ta haɗu da mabiyiya, naman mabiyiyar ya kutsa cikinta kamar kan mashi, mabiyiya biyu ce. Idan siririya ce ta tsaya cak ba kauri a gindinta, ɗaya ce. Ki nemi a rubuta miki wannan a takardar hoton ƙarara, ki kuma adana ta, domin duk likitan da zai gan ki nan gaba da ita zai yi aiki. In an riga an makara kuma ba a iya tantancewa, ƙa'ida ita ce a kula da cikin a matsayin mai mabiyiya ɗaya. Namiji da mace dai ba shakka, mabiyiya biyu ce.

Abin da mabiyiya ɗaya ke jawowa

A mabiyiyar da tagwaye suka haɗa, jijiyoyin jininsu suna haɗe da juna a samanta da cikinta. Yawanci jinin da ke tafiya daga wannan zuwa wancan yana daidai da wanda ke dawowa. Amma a kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na irin wannan ciki, ma'aunin yana karkata: ɗaya ya zama mai bayarwa, ɗaya mai karɓa. Mai bayarwa jininsa ya yi ƙasa, ƙodarsa ta rage fitsari, ruwan jakarsa ya ƙafe har fatar ta naɗe shi a jikin bangon mahaifa. Mai karɓa jini ya yi masa yawa, yana ta fitsari, ruwansa ya cika maƙil, zuciyarsa ta soma gajiya. A hoto ana auna wurin da ruwan ya fi zurfi a kowace jaka: ƙasa da santimita 2 a gefe ɗaya da sama da 8 a ɗaya gefen shi ne alamar. Abin ya fi bayyana tsakanin mako na 16 da na 26, kuma yana iya ta'azzara cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa ake yi wa mai mabiyiya ɗaya hoto kowane mako biyu tun daga mako na 16, alhali mai mabiyiya biyu hoto kowane mako huɗu daga mako na 20 ya wadatar da ita idan komai lafiya.

Uwa ma tana iya ganewa kafin ranar hoto. Ciki ya buɗe farat ɗaya cikin mako guda, fatarsa ta yi tauri tana sheƙi, numfashi ya gagara ko a zaune, baya ya riƙe. Mai wannan ba ta jiran ranar awo. Idan cutar ta yi tsanani aka bar ta haka, mafi yawan lokaci ana rasa duka biyun. Maganin da ya fi aiki shi ne a shigar da siririn madubi cikin mahaifa a ƙone jijiyoyin da suka haɗa su da hasken leza, aikin da wani gwaji na ƙasashen Turai da aka wallafa a 2004 ya nuna ya fi zuƙe ruwa amfani. Inda ba a kai ga wannan ba, zuƙe ruwan da allura yana rage wa uwa nauyi ya kuma jinkirta naƙuda, ko da yake bai taɓa tushen ciwon ba.

Akwai kuma rabon mabiyiya da bai yi daidai ba, ɗaya ya samu babban fili, ɗaya ɗan gefe. Lissafinsa ba wuya: a cire nauyin ƙaramin daga na babban, a raba da na babban. Mai giram 2000 da mai 1500 bambancinsu kashi 25 ne cikin 100. Daga kashi 20 ake ƙara yawan hoto da auna gudun jini a cibiya, kashi 25 kuwa na buƙatar ƙwararre. Wannan bambancin yana faruwa a masu mabiyiya biyu ma, sai dai haɗarinsa ya fi a masu ɗaya, saboda idan ƙaramin ya mutu a ciki, jinin mai rai yana iya kwarara zuwa jikin mamacin cikin mintuna, ya bar shi da raunin ƙwaƙwalwa ko ya tafi da shi. Masu jaka ɗaya su kuma cibiyoyinsu kusan koyaushe a sarƙe suke, don haka ake fitar da su da tiyata tsakanin mako na 32 da na 34.

Jikin uwar

Laulayin tagwaye ya fi tsanani domin sinadaran ciki sun fi yawa a jini, wannan sananne ne. Wanda ake sakaci da shi shi ne ƙarancin jini. Jarirai biyu ne ke jan sinadarin ƙarfe daga rumbu ɗaya, kuma matar da ta shiga naƙuda da jini kaɗan ita ce zubar jini ke kayarwa da wuri. Ƙwayar ƙarin jini mai miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikurogiram 400 na folik asid kullum ita ce mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta ga kowace mai ciki. Mai tagwaye a auna jininta a zuwan farko, a sake tsakanin mako na 20 da na 24, a kuma sake a na 28. Idan ma'aunin ƙarfin jinin, wato himoglobin, ya sauka ƙasa da 11 a farkon ciki ko ƙarshensa, magani ake yi, ba a tsaya ga ƙwayar rigakafi ba. Mace mai matsakaicin jiki ana sa ran ta ƙara kilo 17 zuwa 25 kafin haihuwa.

Hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga ya ninka sau biyu zuwa uku a cikin tagwaye, yana kuma zuwa da wuri. A kowane awo a auna hawan jini a duba furotin a fitsari. 140 bisa 90 shi ne iyaka. Likitoci da yawa suna rubuta asfirin mai ƙaramin ƙarfi, miligiram 75 zuwa 150 kullum daga mako na 12, don rage wannan haɗari, amma magani ne da likita ke rubutawa bayan ya duba mace, ba na sayowa a sha ba. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ganin dishi-dishi ko walƙiya, ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, da kumburin fuska da hannu farat ɗaya, kowane ɗaya daga cikinsu ya isa a tafi asibiti a daren.

Babbar barazanar dai ita ce haihuwar bakwaini. Kimanin shida cikin goma na tagwaye ana haifarsu kafin mako na 37, kusan ɗaya cikin goma kafin na 32, domin mahaifar da ta miƙe fiye da ƙima tana fara naƙuda da wuri. Kwanciya a gado wata da watanni ba ta hana wannan, an gwada an gani, sai ma ta jawo daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Ɗinke bakin mahaifa ga kowace mai tagwaye shi ma bai taimaka ba. Abin da ke da amfani shi ne auna tsawon wuyan mahaifa da hoto a tsakiyar ciki. Idan ya gajarce zuwa milimita 25 ko ƙasa, akan ba da furojestaron na matsi, sinadarin da ke riƙe ciki. Sai kuma saurin zuwa asibiti. Mara tana ɗaurewa tana saki kowane minti goma, ciwon baya mai zuwa yana tafiya, ruwa na tsiyaya, ko majina mai jini: a tafi, ko da ana ganin lokaci bai yi ba. Dalilin gaggawar a bayyane yake. Tsakanin mako na 24 da na 34 ana yi wa uwa allurar ƙosar da huhun jarirai, dekzametason miligiram 6 kowace awa 12 har sau huɗu, kuma tana buƙatar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta yi cikakken aiki. Kafin mako na 32 ana ƙara magniziyam salfet don kare ƙwaƙwalwarsu. Matar da ta iso bakin mahaifa ya gama buɗewa ta rasa cikakken amfanin magungunan biyu. Kuma kai bakwaini asibitin da ke da ɗakin jarirai tun suna cikin uwarsu ya fi ɗaukar su a zani bayan an haife su.

Yaushe, kuma ta wace hanya

Ba a barin cikin tagwaye ya kai mako 40, saboda mabiyiya tana gazawa da wuri kuma haɗarin mutuwa a ciki yana hawa bayan mako na 38. Masu mabiyiya biyu ana shirya haihuwarsu a mako na 37 zuwa 38, masu mabiyiya ɗaya da jaka biyu a mako na 36 zuwa 37. Idan naƙuda ba ta zo da kanta ba, a tayar da ita ko a yi tiyata.

Tagwaye ba lalle sai da tiyata ba. A 2013 an wallafa babban gwaji da ya ƙunshi mata kimanin 2,800 a ƙasashe 25, duka cikinsu tsakanin mako na 32 da na 38, ɗan farko kuma kansa a ƙasa. Waɗanda aka shirya wa tiyata da waɗanda aka shirya wa haihuwa da kansu, sakamakon jariransu bai bambanta ba: kusan biyu cikin 100 a kowane ɓangare ne suka mutu ko suka samu mummunar matsala. Sai dai a lura da abu biyu. Kimanin huɗu cikin goma na masu shirin haihuwa da kansu sun ƙare a ɗakin tiyata. Sannan asibitocin da aka yi gwajin duk suna da likita mai hannu a haihuwar tagwaye da damar yin tiyata cikin rabin awa. Sakamakon na irin wannan wuri ne, bai shafi haihuwa a gida ko a ɗakin shan magani da ba likita ba.

Kwanciyar ɗan farko ce ke yanke hukunci. Idan kansa ne a ƙasa, ana iya gwada haihuwa ko da na biyun a zaune yake. Idan na farkon a zaune yake ko a gicciye, tiyata ta fi, har saboda gudun haɓar na farkon ta maƙale da kan na biyun, abin da ba ya yawan faruwa amma yana kisa. Mabiyiyar da ta tare bakin mahaifa, jaka ɗaya, ko ɗaya daga cikin jariran yana cikin wahala, duk tiyata ne.

Kafin a fara yunƙuri ya kamata a ce an sa wa uwa babbar allurar ƙarin ruwa a hannu, an san rukunin jininta an tanadi jini, ana sauraron bugun zuciya biyu daban-daban, an kuma shirya wurin farfaɗo da jariri guda biyu, kowane da mai kula da shi. Kuskuren da ake yi a sauraro shi ne a ji zuciyar jariri ɗaya sau biyu a wurare biyu a ɗauka duka lafiya. Idan bugun biyu suna tafiya daidai da daidai, a duba da hoto.

Mintunan da ke tsakanin na farko da na biyu su ne mafi haɗari a duk cikin, kuma a nan ake gane gwanin ungozoma. Da fitar na farko, mahaifa tana raguwa farat ɗaya. Mabiyiya na iya fara ɓallewa daga bango alhali na biyun yana shan iska ta cikinta. Jaririn da ya samu fili yana iya juyawa ya kwanta a gicciye, cibiyarsa tana iya riga shi saukowa, naƙuda na iya tsayawa cak, bakin mahaifa ya soma tsukewa. Saboda haka ana matse cibiyar na farko ta ɓangaren uwa da kyau, musamman a mabiyiya ɗaya inda na biyun zai iya zubar da jininsa ta nan. Mataimaki ya dafa ciki ya riƙe na biyun a tsaye, a tabbatar da kwanciyarsa da hannu ko hoto. In naƙuda ba ta dawo ba cikin kamar minti goma, a ɗaura ruwan naƙuda a hankali. Ba a fasa faya sai kai ko ɗuwawu ya sauko ya cika ƙugu, don fasa ta da wuri shi ke sa cibiya ta zubo. Idan ya gicciye kuma bai juyu ta waje ba, ƙwararren likita yana sa hannu cikin mahaifa ya kamo ƙafafunsa ya jawo shi. An saba sa ran na biyu cikin rabin awa, amma bugun zuciyarsa ya fi agogo muhimmanci: in ya lalace kuma haihuwa ba ta kusa ba, tiyata nan take.

Wani kuskure mai muni shi ne yin allurar matse mahaifa, wadda ake yi wa kowace mai haihuwa bayan fitar jariri, alhali akwai wani a ciki. Mahaifa za ta damƙe shi ta hana shi iska. Duk mai karɓar haihuwa ya shafa ciki ya tabbatar ba saura kafin ya yi wannan allura, ballantana ga matar da ba ta taɓa yin hoto ba.

Bayan na biyun ya fito sai a yi allurar, oksitosin awo 10, yawanci a biyo da shi cikin ƙarin ruwa na wasu awanni. Mahaifar da ta ɗauki biyu ta gaji, wurin da mabiyiya ta bari kuma yana da faɗi, don haka zubar jini ya fi yawa. A riƙa taɓa mahaifar kowane minti 15 a awa biyun farko, ya kamata a ji ta da tauri a ƙasan cibiya. Jinin da ya kai rabin lita zubar jini ne. A murza mahaifa, a ƙara magani, a ba da allurar taranekzamik mai tsayar da jini giram 1 cikin awa uku na farko.

Jariran

Fiye da rabin tagwaye suna zuwa ƙasa da kilo biyu da rabi, kuma abin da ke kashe ƙananan jarirai a kwanakin farko sanannu ne: wahalar numfashi, sanyi, faɗuwar sukari a jini, ciwon shawara da ƙwayoyin cuta. Yawancinsu ana iya tare su.

Sanyi ne ya fi saurin shiga. Jariri ƙarami ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, zafin jikinsa kuma ya kamata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5. A goge shi ya bushe nan take, a sa masa hula, a jinkirta wanka aƙalla awa 24, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata a ɗaure da zani. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a fara wannan goyon ƙirji nan da nan bayan haihuwa ga bakwaini da masu ƙarancin nauyi, awa 8 zuwa 24 a rana, ba sai an jira sun fito daga kwalba ba. Ƙirji ɗaya yana ɗaukar ƙananan jarirai biyu, uba ko wata 'yar'uwa ma za su iya ɗaukar ɗaya.

Nonon uwa ɗaya yana isar biyu, domin yawansa yana bin yawan tsotso ne. A fara cikin awa ta farko, dakashin nan shi ne kariyarsu ta farko. Ƙaramin jariri ba a jira ya yi kuka. A tashe shi kowace awa biyu zuwa uku, dare da rana. Wanda aka haifa kafin mako na 34 bai gama iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba, sai a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi ko ta siririn bututu. Zuwa ƙarshen makon farko yana buƙatar kimanin mililita 150 ga kowane kilo a rana, wato mai kilo 2 zai sha 300, kusan 38 a kowane sha idan sau takwas ne. A riƙa musanya musu nono, saboda mai ƙarfin tsotso yana buɗe wa mai rauni hanya. Fitsari sau shida a rana da komawa nauyin haihuwa cikin mako biyu su ne shaidar suna ƙoshi.

Masu mabiyiya ɗaya a dube su gefe da gefe. Idan ɗaya fari fat ɗaya kuma jajir, a auna jininsu: farin yana iya buƙatar ƙarin jini, jan kuma shawara ce ke jiransa. Shawarar da ta fito a ranar farko, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ta asibiti ce da hasken fitila na musamman. Haka ƙin kama nono, numfashi sama da 60 a minti, ƙirji na lotsawa, jiki ya yi sanyi ko zafi, ko jijjiga. Wanda aka haifa ƙasa da giram 1500 a duba masa ido da ji kafin a manta, domin cutar idon bakwaini tana makantarwa ba tare da wata alama ta waje ba.

Uwar ma ba ta fita daga haɗari da haihuwa ba. Hawan jini yakan tashi tsakanin kwana na uku da na shida, don haka a sake aunawa, ta kuma ci gaba da ƙwayar ƙarin jini har wata uku. Rashin barci da renon biyu suna sa damuwar bayan haihuwa ta fi kama iyayen tagwaye; matar da ta yi mako biyu tana kuka, ba ta jin daɗin komai, tana buƙatar ganin likita da kuma hannu na biyu a gida.

Wajen auna girma da wayo, ana cire makonnin da bakwaini ya rigayi lokacinsa har ya shekara biyu: wanda aka haifa a mako na 32, idan ya wata shida, abin ɗan wata huɗu ake nema a wurinsa. Allurar rigakafi kuwa ba a yi mata wannan ragin, daga ainihin ranar haihuwa ake ƙirga ta.